Baƙin Gilashi da Dare: Gayu ne ko Ganganci?

'Yan'uwana ɗalibai, na san wani zai ce me ya haɗa mujallar ɗaliban Hausa da zancen gilashin hawa babur, alhali ga nahawu da adabi da al'ada suna jiran a tattauna su. To, a yi mini haƙuri. Kusan duk wanda zai karanta wannan shafi a kan babur yake zuwa lacca, a kansa kuma yake komawa masauki, wani a gaba wani a baya. Ke nan rayuwarmu tana rataye ne a kan idanu biyu na mai tuƙi. Saboda haka abin da ya ɗora a kan waɗannan idanu ya shafe mu, ko mun so ko mun ƙi.

Bari in fara da abin da ya faru da ni. A farkon daminar bara na ari babur ɗin yayana, ƙirar Boxer, na je karatun dare. Wajen ƙarfe goma na taso daga Agbowo zan koma Sabo, an ɗan yi yayyafi an ɗauke. Duk wanda ya san ruwan farko ya san shi ke fito da shinge, shinge kuwa ba abin da yake so kamar haske. Na wuce Sango kaɗan ke nan, ban kai Mokola ba, sai na ji wani abu ya faɗa mini ido na dama kamar an wurgo tsakuwa. Ban san lokacin da na runtse idanu duka biyu ba. Kafin in buɗe, tayar gaba ta daki bakin kwata, na tsinci kaina a ƙasa, gwiwa tana jini. Allah ya kiyaye babu mota a bayana. Washegari likita ya ce ƙwaron ya ƙarce saman ƙwayar idon, na yi kusan mako ina ɗiga magani, ko allo ba na iya kallo sai hawaye.

Daga baya na zauna na yi lissafi. Mai tafiya a kan kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Idan ya rufe ido na daƙiƙa biyu kacal, ya yi tafiyar mita 33 a makance, wato kusan sulusin filin ƙwallo. A cikin wannan tazara akwai rami, akwai akuya, akwai yaron da ya tsallako titi.

Ba ƙwaro kaɗai ne abokin gabar ido ba. Ita kanta iska ta isa. A saman ido akwai wani ɗan siririn ruwa da ke jiƙa shi koyaushe. Idan iska ta yi ta bugun ido sai ta busar da wannan ruwa, shi kuma ido ya mayar da martani da zubo hawaye mai yawa. Shi ya sa za ka ga ɗan acaɓa ya sauke ka idanunsa jawur, hawaye ya yi masa layi har kunne. A cikin wannan hawaye fitilun motoci sukan tarwatse su zama kamar taurari, mutum ya kasa bambance gefen hanya da tsakiyarta. In hunturu ya shigo kuma, daga Disamba zuwa Janairu, sai ƙura ta ƙaru a kai, ga hayaƙin tireloli da yashin da tayoyinsu ke watsowa. Don haka ba na jayayya da duk wanda ya ce mai babur yana buƙatar abin kare ido da dare. Jayayyata tana kan irin abin da ake sakawa.

Na ɗaya shi ne baƙin gilashi. Ku tsaya a bakin kowace tashar 'yan acaɓa bayan magariba ku ƙirga masu sanye da shi. Na taɓa tambayar wani dattijo ɗan garinmu da ke ɗaukata, na ce, "Baba, da wannan duhun kana ganin hanya kuwa?" Sai ya yi dariya ya ce, "Ɗan makaranta, ai hanyar nan na haddace ta. Iska nake tsoro, kuma shi kaɗai gare ni." Ban ga laifin tsoron iskarsa ba. Amma haddar hanya ba ta gaya maka inda motar da ta lalace yau ta tsaya babu fitila.

Ga yadda abin yake. Da dare ƙofar hasken da ke tsakiyar baƙin ido tana buɗewa ne sosai don ta tattaro ɗan hasken da ya rage. Masu ƙera gilashin rana sun kasa shi aji biyar, daga 0 zuwa 4, gwargwadon hasken da yake bari ya wuce. Aji na 0 yana barin fiye da kashi 80 cikin ɗari. Aji na 3, wanda shi ne baƙin gilashin da aka fi sayarwa, yana barin kashi 8 zuwa 18 ne kawai. Ke nan wanda ya saka shi da dare ya zubar da fiye da kashi huɗu cikin biyar na hasken da idonsa ke fafutukar samu. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa da ake bi wajen wannan rabo ta ce duk gilashin da bai bar kashi 75 ya wuce ba bai dace da tuƙin dare ko na almuru ba. Aji na 4 kuwa ko da rana tsaka ba a yarda a yi tuƙi da shi ba. Wanda aka rubuta wa Polarized shi ma ya shiga wannan layi, domin yadda aka yi shi dole ya yanke aƙalla rabin haske. Yana da kyau da rana, amma ba na dare ba ne.

Na biyu, kuma wanda ya fi ba ni haushi domin ni ma ya ci kuɗina, shi ne mai launin rawaya. Bayan na warke na je wajen wani mai tallar gilasai a allo, na ce ina son na dare. Nan take ya zaro mini wani ruwan ɗorawa, a jikin ledarsa an rubuta Night Vision da manyan baƙaƙe. Ya ce, "Yallaɓai, wannan in ka saka dare zai koma maka rana." Na gwada, kuma gaskiya na ji kamar duniya ta ƙara haske. Na biya na tafi ina murna.

Ashe ido ne ke yaudarar mai shi. Gilashi ba fitila ba ne, ba ya ƙara haske ko ƙwaya ɗaya. Duk launin da aka sa masa wani ɓangare na haske yake tarewa. Rawaya tana tare shuɗin haske, sai abubuwa su yi kamar sun ƙara fitowa, zuciya ta ɗauka gani ya ƙaru, alhali jimillar hasken da ke shiga ido raguwa ta yi. A shekarar 2019 wasu masana ido na Jami'ar Harvard da ke Amurka sun gwada wannan magana, suka buga sakamakon a mujallar JAMA Ophthalmology. Sun sa mutum 22 a na'urar kwaikwayon tuƙin dare, wani lokaci da gilashin rawaya iri uku da ake sayarwa, wani lokaci da farin gilashi, suka auna saurin da suke hango mai tafiya a ƙasa. Rawayar ba ta sa sun hango shi da wuri ba, ko da fitilar mota tana dallo su ko babu. Abin da ya fi tsorata ni shi ne wanda ya saka ta yana jin ya fi gani, wanda kuwa yake jin ya fi gani shi ke ƙara wuta.

Wani zai ce, to ya za a yi da masu dallo wa mutum fitila a fuska? Wannan ƙorafi gaskiya ne, ni ma ina fama da shi. Sai dai gilashin da zai dushe fitilar tirela zai dushe maka ramin da ke gabanka fiye da haka. Maganin da na sani shi ne rage gudu, da kawar da ido daga fitilar zuwa gefen dama na titi, tun da a dama muke tuƙi a ƙasar nan tun 1972.

Abin da nake ganin ya dace shi ne farin gilashi. A nan ɗalibin harshe zai lura da wani abu: muna cewa "fari", amma ba farin alli ko na madara muke nufi ba, muna nufin wanda ba shi da launi sam, garau kamar ruwa. Haka Bahaushe ke cewa farin gilashi da baƙin gilashi ko a zancen mota. Wannan aiki ne ga masu nazarin ma'ana, na bar musu.

Amma ba kowane fari ne ke tare iska ba, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure. Tabarau irin na karatu, mai shafaffen gaba, iska tana zagayowa ta gefensa da ta ƙasansa, wani lokaci ma ta riƙa juyawa a bayansa ta fi damun ido. Wanda ake so shi ne mai lanƙwasa da ke bin zagayen fuska har zuwa gefen ido, ya zauna daf da gira da kumatu. Wanda ya fi shi kuma shi ne mai ɗan soso a zagaye ta ciki. Sai dai a duba sosai, sosan ya kasance da 'yan ƙofofin shan iska. In an toshe ko'ina ruf, zafin fuska zai sa gilashin ya yi tururi, musamman a nan Kudu inda iska take da laima, kuma ya fi yin haka daidai lokacin da aka tsaya a cunkoso. Gilashin da ya yi tururi da baƙin gilashi duk kanwar ja ce. A kuma guji mai kaurin hannu, wanda ke tare ganin gefe, domin ta gefen ido mai babur ke ankara da motar da ke shirin shan gabansa. Siririn hannu kuma shi ne ke shiga ƙarƙashin hular kwano ba tare da ya matse kunne ba.

Sai abin da aka yi shi da shi. Kwalba zalla ba ta dace ba, domin in tsakuwa ta same ta tarwatsewa za ta yi a kan ido. Robar banza ma tsagewa take yi. Wanda aka sani da juriya shi ne polikabonet, robar da ake yin gilashin kariya na ma'aikata da ita. Shi ya sa ni yanzu ba wajen masu tallar kayan gayu nake zuwa ba, shagon masu kayan aikin walda da kafinta nake shiga, in nemi farin gilashin da masu gurza ƙarfe ke sakawa. A hannunsa ko a kusurwar gilashin akan buga Z87, alamar ma'aunin Amurka, in da alamar tarawa a gabanta to an gwada shi da bugu mai ƙarfi. Na Turai kuma akan ga EN 166. Ba na cewa duk mai wannan rubutu na gaske ne, mun san kasuwarmu, amma wanda ba shi da ko alamar bai ma yi da'awar komai ba. Nawa dai kuɗinsa bai kai na cika tankin babur sau ɗaya ba. Masu saka tabarau na likita kuma akwai mai faɗi da ake ɗorawa a kan nasu, kada su cire na gani don su saka na iska.

Akwai masu cewa ai hular kwano tana da nata gilashin, me za a yi da wani? In hular tana da farin murfi lafiyayye, magana ta ƙare, ya ma fi, domin yana kare fuska duka. To amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Tun ranar 1 ga Janairun 2009 da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta saka hular, har wasu suka riƙa kifa ƙwarya da bokitin fenti a ka, yawancinmu don tsoron kamu muke saka ta, ba don kariya ba. Hulunan da nake gani a titi, wata murfinta ya ɓalle tuntuni, wata baƙi ne ko mai walƙiya kamar madubi, wata kuma ya ƙarje har mai ita ya ɗage shi sama ya bar ido a fili. Murfi mai duhu na kamfanonin kirki ma akan rubuta a jikinsa cewa na rana ne kawai.

Wannan zancen ƙarjewa shi ne abin da aka fi rainawa. Farin gilashin da ya ƙarje yana iya fin rashinsa haɗari, domin kowane ƙarce yana tarwatsa hasken fitilar da ke tahowa. Mu kuwa da kanmu muke ƙarje shi. Ƙura ta hau, sai mutum ya kama gefen riga ya goge a bushe, alhali ƙurar nan yashi ce mai laushi, kamar ka sa masa samfefa ne. A fara zuba ruwa ya wanke ƙurar, a ɗan sa sabulu, a ɗauraye, sannan a tsane da ƙyalle mai taushi. Kada a jefa shi aljihu ɗaya da makulli. Ranar da ka ɗaga shi ga ƙwan lantarki ka ga hasken ya yi gashi-gashi, to ya gama aiki, a sayi wani.

Tun da Kano ta hana acaɓa a 2013, Legas kuma ta tsananta nata hanin a 2020 da 2022, 'yan'uwanmu masu wannan sana'a suke ta sauya gari, wasu a hanyoyin da ba su sani ba suke neman abinci har tsakar dare. Ƙungiyoyinsu suna karɓar kuɗin tikiti kullum. Ban ga abin da zai hana su sayo farin gilashi da yawa a farashin sari su sayar wa mambobinsu ba, yadda suke yi da riguna masu lamba.

Mu fasinjoji ma muna da ta cewa. Ni dai yanzu in na tare babur da dare na ga mai shi da baƙin gilashi, nakan ce, "Malam, don Allah a cire gilashin nan, mu tafi a hankali." Wasu su cire, wasu su ce in nemi wani, sai in nema. Shi kuwa dattijon nan ɗan garinmu, da na je sayen nawa guda biyu na saya, na kai masa ɗaya. Ya jujjuya shi ya ce wannan ai na makanikai ne, ba ya yi wa mutum kyau. Bayan kwana uku na gan shi a tashar Mokola da daddare yana sanye da shi, baƙin kuma yana rataye a wuyan rigarsa yana jiran rana.