Ƴar tsana da littafinta

Ana jajiberin ƙaramar Salla na shiga Babbar Kasuwar Yamai da ɗiyata mai shekara bakwai don in saya mata takalmi. Ba mu kai ga masu takalmi ba sai ta tsaya cik gaban wani tebur cike da ƴan tsana na roba, masu shuɗin ido da gashi ruwan zinariya, waɗanda aka yo a ƙasar Sin. Na saya mata guda. Kan hanyar gida ta ce mini: "Baba, yaya sunanta? Ƴar wane gari ce? Su wa suka haife ta?" Na rasa amsar da zan ba ta. Abin da na saya ba shi da suna, ba shi da gari, ba shi da labari. Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami yau.

Akwai inda aka amsa ta tun da daɗewa. A shekarar 1986, wata tsohuwar malamar lakwal ta Amurka mai suna Pleasant Rowland ta fitar da ƴan tsana uku, kowace da sunanta da zamaninta da littattafan labarinta. Kirsten ɗiyar baƙin manoma ce da suka zo daga Suwidin a 1854. Samantha marainiya ce ta 1904. Molly kuwa ta 1944 ce, ubanta likita ya tafi yaƙin duniya na biyu. A 1993 aka ƙara Addy, baƙar yarinya wadda ta gudu daga bauta tare da uwarta a 1864. A ƙarshen kowane littafi akwai shafuka na tarihi na gaskiya, da hotuna. Uwaye suka yi ta saye, har kamfanin Mattel ya sayi sana'ar a 1998 kan dalar Amurka miliyan 700. Kusa da mu, a Legas, Taofick Okoya ya fara Queens of Africa a 2007, kuma cikin ƴan tsanarsa akwai Bahaushiya mai suna Azeezah.

Dabarar malamar nan ita ce abin lura. Ba ta yi siffar shugabanni ko manyan mayaƙa ba. Ta ƙago yara masu shekara tara zuwa goma, ta ajiye su cikin zamanin da ya faru da gaske. Yaro ba ya riƙe shekarun da mushe ya rubuta masa a allo, amma ba ya mance abin da ya sami tsararsa.

To, mu me ya hana mu? Mu ɗauki Lugu, cikin ƙasar Dogon Dutsi, inda Sarauniya ta yi tsayin daka gaban rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899. Abdoulaye Mamani ya rubuta labarin a 1980, Med Hondo ya mai da shi silima a 1986, amma duka don manya aka yi su. Ba siffar Sarauniya nake roƙo ba. Ina roƙon yarinyar Lugu wadda ta kai wa maharba ruwa, ta ɓoye ƙanenta a kurmi, ta komo ta iske rumbunan garinsu sun zama toka. Ina roƙon yaron Agadas da ya bi ayarin gishiri zuwa Bilma karo na farko, da ɗiyar majemin Damagaram wadda ta ga an ɗauke babban birni zuwa Yamai a 1926, da ɗiyar makiyayi wadda ta sauko bakin kogi cikin farin 1973 bayan dabbobinsu sun ƙare. Kowannensu da tufafin garinsu da kitson garinsu, da ɗan littafi cikin Hausa da Zarma da Tamajek da Fulfulde da Kanuri.

Kayan aikin duka suna nan Yamai. Gidan tarihi na ƙasa, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Boubou Hama, yana da zauren tufafin gargajiya da dukawa da masaƙa da maƙera. A Wadata ma akwai masu sana'ar hannu. Cibiyar CELHTO ta daɗe tana tattara tarihin baka daga bakin tsofaffi, INDRAP kuma ta san aikin littafin yara. Abin da ya rage a haɗa su wuri guda.

Na san wasu za su ce addini bai yarda da siffa ba. Malamanmu sun san an ruwaito cewa Nana A'isha ta yi wasa da ƴan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, kuma da yawa daga cikinsu sun halatta wa yara mata wannan wasa. Kakanninmu ma da kara da ƙashi da tsumma suka yi nasu, suka goya, suka koyi reno. Da yake kuma yaran ƙage ne, ba a taɓa mutuncin wani waliyyi ko sarki ba.

Akwai kuma kuskuren da bai kamata mu kwaikwaya ba. A Amurka ƴar tsana guda da littafinta ta wuce dalar Amurka 100, wato fiye da jika 50 na sefa, alhali mafi ƙanƙantar albashin da aka tsaida a ƙasarmu a 2024 jika 42 ne. Can har manya sun mai da abin tari, suna ajiye su cikin kwali don su yi tsada. Ƴar tsanar da ke cikin kabad ba ta koya wa kowa kome. Tamu ta zama ta atamfa da auduga, wadda mai tallan ƙosai za ta iya saya wa ɗiyarta, a goya ta, ta yi dauɗa, a wanke. Labarin kuma ya faɗi gaskiya, da daɗi da ɗaci, har da bauta da yunwa, kada ya zama kirari.

Magabata, ku buɗe wa marubuta da masu ɗinki ƙofa. Ku kuma da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, kun sha kukan rashin abin karantawa. Ga littafin da za ku karanta wa ɗiyanku bayan sallar lisha, su ga amfanin wahalar da kuka sha. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ɗiyata ta raɗa wa tata suna Hadiza, ta ce ƴar Maraɗi ce. Har yanzu tana jira in ba ta labarin.