Martani: Jami'a Ba Shagon Mai Ita Ba Ce

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce mai jami'ar kuɗi yana da ikon hana malami aiki saboda ra'ayinsa, tunda da dukiyarsa ya gina ta. Sam ban yarda ba.

Tun 1999 da aka fara ba jami'o'i masu zaman kansu lasisi a Najeriya, hukumar NUC ce ke tantance su, kuma da shaidarsu ɗalibai ke tafiya bautar ƙasa. Wannan amanar jama'a ce. Sashe na 39 na tsarin mulki ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayinsa, bai ce a ajiye shi a ƙofar jami'a ba.

Alal misali, zo garin Guri ka ga yadda ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ambaliya na cinye gonakin shinkafa. Masanin da zai binciki yadda ake sakin ruwan madatsun Tiga da Challawa dole ya taɓa manya. In gaskiyarsa za ta hana shi aiki, wa zai tsaya wa manomi da masunci?

A ɗauki malami bisa iliminsa da halinsa. Jami'ar da ke tsoron gaskiya ta mayar da lasisinta.