Dawaki Biyu, Keke Ɗaya

A wannan mako za mu leƙa bargar Turawa ne, mu ga yadda suke horar da dawakin jan keke, don kuwa akwai abin da manomanmu za su tsinta a ciki.

Mu a nan doki na hawa ne, a ɗaura masa sirdi a yi zamiya ran Salla. A Ingila kuwa da Amurka akwai dawakin da aikinsu ja ne. Wanda ya kalli naɗin Sarki Charles na Uku a watan Mayu na 2023 ya ga keken zinariya na gidan sarautar Ingila, wanda aka ƙera a 1762, nauyinsa wajen tan 4, dawaki takwas kilaye na jan sa bibbiyu. Haka kuma mutanen Amish na jihar Fensilbaniya har yanzu da dawaki suke huɗa. Duk waɗannan matsalarsu ɗaya ce, watau da wuya a sami dawaki biyu da ƙarfinsu da halinsu suka zo daidai.

Sau da yawa ɗaya mai garaje ne, ɗaya kuwa mai nawa. Mai garajen ya yi gaba ya kwashe nauyi duka, har ya jiƙe da gumi kafaɗarsa ta sassale, shi ko mai nawa ya lura igiyoyinsa sun yi sako-sako, sai ya gane ashe ana iya tafiya ba wahala. Kafin a jima, na farko ya gaji ya lalace, na biyu ya koyi ha'inci.

To, maganin farko ba bulala ba ce, itace ne. A bayan dawakin akwai wata sanda da aka gicciya, kowane doki an ɗaure igiyoyinsa a kai guda, kaya kuma na rataye a wani rami da ke tsakiyarta. In ramin na tsakiya sosai, kowa rabi yake ja. In kuwa aka gusa da ramin wajen ƙaƙƙarfan, sai rabonsa ya ƙaru. Ga misali: sanda mai inci 40, aka gusa da ramin inci 2 kacal, ɓangaren ƙaƙƙarfan ya zama inci 18, na raunanan inci 22. Nan take ƙaƙƙarfan ya ɗauki kashi 55 cikin ɗari, raunanan kashi 45. Kamar dai mutum biyu ne suka ɗauko tulu a sanda, wanda tulun ya fi kusa da shi shi ya fi jin jiki. Da raunanan ya yi ƙwari, sai a riƙa mai da ramin tsakiya sannu sannu.

Na biyu shi ne kamazuru. Mai tuƙi igiya biyu ce a hannunsa, kowace ta rabu biyu, ta hagu ta je hagun bakin kowane doki, ta dama ta je dama. Saboda haka in ya ja don ya tsai da mai garaje, ya tsai da mai nawa ke nan tare da shi. Dabara ita ce a rage tsawon rassan da ke zuwa bakin mai garaje, a ƙara wa na mai nawa, yadda ja ɗaya zai fara isa bakin wanda ake nufi.

Sa'an nan sai murya. Kowane doki ana koya masa sunansa shi kaɗai tun kafin a haɗa su, domin a iya yi wa ɗaya magana ba tare da ɗayan ya zabura ba. Bulala kuwa taɓawa ake yi da ita a kafaɗar mai nawa, shiru, ba a kaɗa ta ta yi ƙara, gama ƙarar mai garajen za ta fara firgitawa. Sabon shiga kuma da tsohon doki mai natsuwa ake haɗa shi, da kaya marar nauyi, a tafiyar ƙasa, ana kuma sauya musu gefe lokaci lokaci kada wuya ya saba da karkata.

Abin da ya sa na kawo wannan zance shi ne shanun huɗarmu. Ana gab da damina manomi zai tafi kasuwa ya sayo bijimi ya haɗa da wanda ke gida, ko tsawo bai gwada ba. Ran da aka ɗora karkiya kunya ta karkace, sai a hau ƙaramin da duka. Alhali kuwa lissafin nan na sanda yana aiki a karkiya: a gusa da maɗaurin garma ko na amalanke wajen babban sa, a kuma ba su makonni suna jan gungume tare tun da rani. Bijimi a yau dukiya ce mai yawa, wanda ya karya nasa a tsakiyar huɗa ya yi hasarar sa da damina gaba ɗaya.

Ina roƙon malaman gona su sa wannan cikin abin da suke koya wa manoma, masu sassaƙa karkiya kuma su riƙa huda rami uku maimakon ɗaya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.