Ampilin moto ya yi zafi: ruwa ba ya tsami banza

Da zarar bazara ta kankama, a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan zarce digiri 40 a inuwa a Maraɗi da Damagaram da Tawa, kuka guda ne ke yawaita a rumfunan masu gyaran rediyo: ampilin moto ya yi zafi, sauti ya ɗauke. Masu kawo wannan kuka ba samari masu son burga kaɗai ba ne. A cikinsu akwai mai tallar magani da ke bin kasuwannin ƙauye, da mai shelar taro, da ɗan kabu-kabu da ke jan fasinja da kiɗa. Ga irin waɗannan, lasifikar da ta yi shiru ranar kasuwa cinikin mako ne ya salwanta.

Yawancinsu kai tsaye suke komawa wurin ɗan kasuwar da ya sayar musu, a ce ya ba da jabu, a yi ta musayar yawu. Alhali sau da dama ampilin lafiyarsa lau. Zafi alama ce kawai, kamar zazzaɓi a jikin mutum, kuma mai hankali yakan nemi tushen ciwo kafin ya sayi magani.

Da farko, ya kamata a sani cewa babu ampilin da ba ya ɗumi. Aikinsa shi ne ya sha kuran daga batiri ya mai da shi sauti, abin da bai zama sauti ba kuwa zafi yake komawa. Irin na da, wanda ake kira aji AB, yana iya zubar da kusan rabin abin da ya sha ta hanyar zafi. Na aji D kuwa yakan mori kashi 80 zuwa 90 cikin 100, shi ya sa ya fi dacewa da moto. Haƙarƙarin alminiyam da ke bayan ampili an yi shi ne don ya miƙa wa iska wannan zafi. Idan hannu na iya zama a kansa, ba komai. Idan kuwa ba ya taɓuwa, ko jar fitilar da aka rubuta wa PROTECT ta kama, sauti ya ɗauke sai bayan ya huce ya dawo, to na'urar ce ke ceton kanta, kuma lokacin bincike ya yi.

Binciken yana farawa daga abin da ba ya cin ko dala, wato wurin da aka ɗaura ampilin. Wasu a ƙarƙashin kujera suke cusa shi, wasu cikin rufaffen akwati, wasu kusa da inji ko salansa. Wasu ma leda suke naɗa masa don gudun ƙura, ba su san bargo suka lulluɓa masa ba. A fito da shi inda iska ke kaɗawa, nesa da inji, inda rana ba ta dukansa, a kakkaɓe ƙurar hunturu da ta toshe haƙarƙarinsa da busasshen buroshi. Kada a kuskura a watsa masa ruwa.

Na biyu, lasifika, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Kowace lasifika tana da adadin da aka rubuta a bayanta, galibi om 4 ko om 8, wanda ke nuna yadda take tare kuran. Idan aka ɗauki biyu masu om 4 aka jona su baki guda, ja da ja, baƙi da baƙi, lissafin yana faɗowa om 2 ne, ba ya hawa 8. Ke nan ampilin zai yi ta ƙoƙarin tura ninkin kuran da aka yi shi dominsa. Jaki ne aka ɗora wa kayan raƙumi. Idan takardar ampilin ta ce kada a sauka ƙasa da om 4, sai a bar lasifika ɗaya a kowane baki, ko a jera biyun ɗaya bayan ɗaya, su ba da om 8. Sauti zai ɗan ragu, amma na'ura za ta yi kwana. Haka nan a duba ko silin waya ɗaya ya kuɓuce yana taɓa ɗan'uwansa ko ƙarfen moto, domin girgizar hanyar jar ƙasa tana kwance abin da aka ɗaure, tana kuma goge robar waya. Ma'aunin kuran da masu gyara ke kira miltimetir yakan nuna wajen om 3 zuwa 3 da rabi a kan lafiyayyar lasifika mai om 4. Idan ya nuna kusa da sifili, ta ƙone ko wayoyinta sun haɗu.

Na uku, wayar kuran da ta mas. Siririyar wayar da ake jona wa ƙwan fitila ba ta isa ta ciyar da ampili ba, ita kanta zafi za ta yi, kuran kuma ya rage ƙarfi kafin ya iso. Mas ɗin da aka ɗaure bisa fenti ko tsatsa shi ma haka. A kankare wurin har farin ƙarfe ya fito, a ɗaure tamau, ko a kai wayar kai tsaye bakin batiri. Gwajin mai sauƙi ne: ana cikin kiɗa, a auna bolt a bakin batiri, a auna a bakin ampili. Idan bambancin ya wuce rabin bolt, laifin waya ne ko na mahaɗi.

Na huɗu, batiri da caji. Ƙananan motocin nan ƴan Sin masu inji 125 da suka cika titunan Nijar batirinsu ƙarami ne, mai bolt 12, kuma bobin ɗin da ke caja shi an yi shi ne don fitilu da oda da tada inji, rarar da ke saura kaɗan ce. Inji na aiki, ma'auni ya kamata ya nuna tsakanin bolt 13 da rabi zuwa 14 da rabi. Idan ya faɗi ƙasa da 12 duk lokacin da ganga ta buga, fitila kuma tana lumshewa tare da kiɗa, ampilin yunwa yake ji, yana aiki cikin wahala. Idan kuwa ya zarce 15, regilatar ce ta lalace, kuma za ta dafa batiri da ampili gaba ɗaya. Mai talla da ke tsayawa awa uku a kasuwa, inji a kashe, ya fi masa alheri ya tanadi batiri na daban don sauti.

Na biyar, ɗan maɓallin da aka rubuta wa GAIN. Jama'a sun ɗauka na ƙara murya ne, sai su murɗe shi har ƙarshe. Aikinsa shi ne daidaita ampili da abin da ke ba shi kiɗa, rediyo ne ko salula. Idan ya wuce kima, sauti yakan dishe, ya yi ta kakari, ampili da lasifika su yi zafi tare. A mai da shi ƙasa, a buɗe muryar rediyo zuwa kashi uku cikin huɗu, a riƙa ɗaga shi sannu a hankali har a ji murya ta soma dishewa, sannan a ɗan koma baya. Hausawa sun ce in ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa.

Idan duk an bi waɗannan zafi bai daina ba, saura gwaji ɗaya mai raba gardama. A cire wayoyin lasifika da na kiɗa, a bar ampili kunne shi kaɗai na ɗan lokaci. In ya zauna da sanyinsa, matsalar tana waje. In ya yi zafi alhali ba ya aikin komai, ciwon na ciki ne, sai mai gyara, kuma a nan ne mai saye ke da bakin magana gaban mai sayarwa.

Akwai abu guda da ba a wasa da shi, wato fizibil. Idan ya tsinke, wasu sukan maye gurbinsa da silin waya ko takardar azurfa ta kwalin sigari. Wannan ba gyara ba ne, cire mai gadi ne daga bakin ƙofa. Batirin moto, duk da ƙanƙantarsa, yana iya mai da waya garwashi cikin ƙiftawar ido, ga tankin mai a tsakanin cinyoyin matuƙi. Fizibil zai zauna a kan jar waya, dab da batiri, da adadin ampar da masana'anta ta faɗa. Kafin a taɓa kowace waya kuma, a fara cire baƙar wayar batiri.

Fizibil ɗin nan har ila yau shaida ne ga ƴan kasuwa masu sarin kaya da ma'aikatan da ke saye da ɗan albashinsu. Kwali yana iya ɗauke da wat 1000 da manyan haruffa, amma idan fizibil ɗin ampilin mai ampar 10 ne, a ninka da bolt 12, abin da zai iya sha wajen wat 120 ne, wanda zai fitar kuwa bai kai haka ba. Adadin gaskiya shi ne wanda aka rubuta wa RMS, sauran romon baka ne. Ɗan kasuwar da ya faɗa wa mai saye haka tun a kanti, ya kuma tambaye shi irin motonsa da yawan lasifikarsa, ya huta da rigimar dawo da kaya, ya kuma sami abokin ciniki na gobe.

Saboda haka, kafin a zare jika da dama a sayi sabo, a bi matakan nan bi da bi. Sabon ampilin da aka ɗaura kan tsohuwar waya da tsohon mas, inda na jiya ya ƙone nan shi ma zai ƙone. Allah shi kiyaye dukiya da rayuka, amin.