ZANCEN ZUCI: Wai Taurarinsu Ba Su Haɗu Ba

 Yau kam ba labarin littafi na zo muku da shi ba, abin da na gani da idona ne a gida Basirka.

Makon jiya na je gaida Kaka, sai na tarar da ɗiyar Gwaggona a ƙuryar ɗaki, idanu sun yi jawur don kuka. Na ce, "Ke lafiya?" Da ƙyar ta iya buɗe baki. Ashe Gwaggo ce ta kai sunanta da na yaron da ke nemanta wurin wani mai duba, ya karɓi kuɗi da baƙar kaza, ya zana ƙasa, ya ce taurarinsu ba su haɗu ba. Wai ita Zara ce, shi kuwa Gamzaki, ɗaya ta yamma ɗaya na gabas, har abada ba za su zauna inuwa ɗaya ba. Shekara biyu ana soyayya, ga shi magana ɗaya za ta rushe komai.

Wallahi ban san lokacin da dariya ta kufce mini ba. Na ce, "Share hawayenki ƙanwata, ai Zara da Gamzaki abu ɗaya ne!"

Haka ne 'yan uwa, tun a aji uku na sakandare aka koya mana. Zara matar wata da muke gani bayan magariba, ita ce dai ke fitowa gabas kafin asuba muna ce mata Gamzaki. Ba ma tauraruwa ba ce, duniya ce kamar tamu, hasken rana take aro. Da yake ta fi mu kusa da rana, ba ta yin nesa da ita a sama: ta yi watanni tana bin bayanta da yamma, ta ɓace, sai ta dawo tana riga ta fitowa da asuba.

Duniyoyi 8 ne ke kewaya rana. Ta farko Uɗaridu, ita ce ƙarama, kwana 88 ta gama zagayenta. Sai Zara mai kwana 225. Kada kyanta ya ruɗe ku, zafinta ya haura digiri 450, ya isa narkar da darma. Ta uku tamu ce, tazararmu da rana wajen kilomita miliyan 150, haskenta kan yi kamar minti 8 kafin ya iso mu. Ta huɗu Marriku, ja ce saboda tsatsar ƙarfe da ke cikin ƙasarta, shekararta kwana 687.

Daga nan sai manya. Mushtari ita ce babbarsu, za ta haɗiye irin duniyarmu sama da 1,000, kuma a 1610 Galileo ɗan ƙasar Italiya ya hango watanninta 4 da madubin hangen nesa. Zuhalu kuwa ita ce 'yar gayu, zobba gare ta na ƙanƙara da tsakuwa, zagayenta shekara 29 da ɗoriya. Yuranus a 1781 aka gano ta, Naftun a 1846, ita wannan sai ta shekara 165 kafin ta kewaya rana sau ɗaya. Mai tsohon littafi a gida za ta ga an rubuta 9, har da Fuluto. To a 2006 masana suka taru a birnin Firag suka mayar da ita sahun ƙanana.

Da dare ya yi muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Kun san sararin ƙauye idan babu wuta, tas yake kamar an wanke. Na nuna mata dabara: tauraro na gaske yana ƙyafta ido, duniya kuwa haskenta a tsaye yake. Kaka na gefe tana jan carbi, can sai ta ce, "Ikon Allah, mu dai da Gamzaki muke tashi sahur, ashe Zara ce ta sake zane."

Washegari na samu Baffa na durƙusa na faɗa masa komai. Ya yi shiru, sannan ya ce gaibu sai Allah, abin da za a bincika halin yaro ne da sana'arsa da gidansu. Ya tura mutum biyu Gwaram. Gwaggo dai har na taho ba ta sake mini fuska ba, tana cewa boko ya buɗe mini ido da yawa. Na haƙura, uwa ce, tsoro ne ya kai ta.

Ni abin da ya tsaya mini a rai, wannan yarinya a aji biyu aka cire ta daga makaranta. Da an bar ta shekara ɗaya tak, da bakinta za ta ba da wannan amsa, ba sai ta kwana uku tana kuka ba. Don haka ƙannena 'yan makaranta, ku riƙe darasin kimiyya da kyau, ba don jarrabawa kaɗai ba. Wadda ta san abin da ke samanta, da wuya a sayar mata da ƙarya a ƙasa.

Duk wadda ta hango Zara a garinsu, ta rubuto mini ko da yamma ta gan ta ko da asuba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ku huta lafiya.