Gora Ba Ta Cin Jawabi

Ina yaro, a bayan ƙauyenmu da ke kan hanyar Ƙanƙara zuwa Faskari, akwai wani rafi da gora ta lulluɓe gaɓarsa. Daga can ake saro sandar makiyayi, da tsani, da itacen jinka. Ba wanda ya taɓa zuba mata taki. Yau gaɓar ta zama ƙwari, kowace damina ruwa na yagar gonakin mutane yana wucewa da su.

Shekaru biyu da suka wuce, bayan na kammala digiri a kimiyyar ƙasar noma, wani shiri na dashen itatuwa ya iso wannan rafi, na shiga cikin masu aikin sa-kai. An kafa rumfa, an yi jawabai, an ɗauki hotuna. Aka ba mu dashen gora da buhunan kamfa da yuriya, aka ce kowane rami a cika masa tafin hannu biyu. Na ce a fara auna ƙasar; wani babba ya dube ni ya ce, “Yaro, taki ai ba ya yawa.” Kafin kaka fiye da rabin dashen ya bushe, amma a takarda an rubuta cewa an yi nasara. Da wannan magana ta “taki ba ya yawa” nake rigima, domin ita ke cinye kuɗin jama'a tana barin gaɓar rafi tsirara.

Ban musanta cewa ƙasarmu na fama da yunwar fosfaras ba, sinadarin nan da manomi ya sani a cikin takin supa. Masana sun daɗe da tabbatar da ƙarancinsa a ƙasar Arewa, kuma ƙaramar gora ba ta kafa saiwa sai da shi. Sai dai fosfaras ba ya yawo a ƙasa kamar yuriya. Inda ya faɗi nan yake tsayawa, kuma a jar ƙasa mai tsatsar ƙarfe ƙasar ce ke damƙe shi ta hana shuka. Farar ƙasar da Ƙanƙara ta yi suna da ita ma irin yumɓun da ba ya riƙe abincin shuka da yawa ne. To, wa ke kai wa gora rabonta?

Waɗansu halittu ne da ido ba ya gani. Akwai wata irin funfuna da ke shiga cikin saiwa, ta miƙa zare siriri fiye da gashi zuwa inda saiwar ba ta isa, ta janyo fosfaras ta kawo, ita kuma shukar ta biya ta da sukarin da ganye ya haɗa. Akwai kuma ƙwayoyin bakteriya da ke fitar da ruwa mai tsami, su narkar da fosfaras ɗin da ƙasa ta ɗaure. Ciniki ne, kuma kamar kowane ciniki yana mutuwa in ɗaya ya daina bukatar ɗaya. Idan aka tula fosfaras fiye da kima, shukar sai ta rage biyan funfunar, zaren ya ja baya. Ranar da takin ya ƙare, shirin ya naɗe tabarmarsa, sai a bar gora ba buhu ba abokin ciniki. Gishirin takin da aka cusa a jikin saiwa mai laushi kuwa ƙona ta yake yi tun kafin a kai ga wannan.

Ba sabon ilimi ba ne. Tun 1950 aka kafa gwaji a Samaru ta Zariya ana kwatanta kashin shanu da takin zamani a kan fili ɗaya shekara bayan shekara, kuma abin da ya fito fili shi ne takin naitrojin zalla yana sa ƙasa tsami, takin gida kuwa yana riƙe lafiyarta. Kakana bai taɓa jin sunan Samaru a wannan fuska ba, amma in zai dasa gora sai ya ɓallo ta da ƙasar gindin uwarta, ya rufe da busasshen ganye. Da can ina ɗaukar wannan camfi. A aji uku na jami'a na gane cewa funfunar yake ɗebowa tare da ƙasar.

Mu kuma me muke yi? Kowane rani mu cinna wa daji wuta don farautar gafiya. Ganyen da halittun nan ke ci ya ƙone, tokar da fosfaras ya rage a cikinta iskar hunturu ta kwashe. Sa'an nan mu jira jirgi daga Maroko, ƙasar da Nijeriya ta ƙulla yarjejeniyar taki da ita a 2016, alhali ga dutsen fosfat kwance a wajen Dange-Shuni ta Sakkwato, wanda ke narkewa sannu a hankali, irin abincin da shuka mai tsawon rai ke so.

Na san abin da za a ce mini: mutanen da aka sace wa ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, waɗanda shiga Dajin Rugu ya gagare su, ina su ina zancen funfuna? Tambayar tana da nauyi, ni ma na kwana a ɗaki ina jin harbi. Amma a wannan shekarar ce aka amince a mai da Dajin Kogo na Faskari gandun daji na ƙasa, kuma kuɗin farfaɗo da daji ba su daina fitowa ba don ana tsoro. Ana kashe su, a bakin rafukan da ke kusa da gari, a gaban idonmu. Tunda za a kashe, a auna ƙasa kafin a buɗe buhu. A sa supa ɗan kaɗan nesa da saiwa, tare da takin gida. A hana wuta taɓa wurin shekara uku. Kuma kada a biya ɗan kwangila da yawan ramukan da ya haƙa. A dawo bayan rani biyu a ƙirga gorar da ke tsaye, a biya shi a kanta.

A cikin dashenmu na wancan shiri, guda goma sha ɗaya na ɓoye wa taki, na sa musu ƙasar da na ɗebo daga gindin wata tsohuwar gora a Sabuwa. Takwas suna nan, sun fi ni tsawo. Ba su cikin rahoton kowa.