Waiwayen 2021 Daga Jangebe Zuwa Kaya

Idan aka ce a waiwayi shekarar 2021, matashin Kano ko Kaduna da ƙwallo zai fara. A watan Mayu Chelsea ta doke Manchester City da ci ɗaya mai ban haushi ta ɗauki kofin zakarun Turai, a watan Agusta Messi ya bar Barcelona yana hawaye, a shekarar kuma Ahmed Musa ya dawo gida ya saka rigar Kano Pillars na ɗan lokaci. Mata kuwa Labarina da Izzar So za su ambata. Mu ma a Mafara da Bakura da Maradun mun kalli duk wannan, mun yi musu a kai a teburin mai shayi. Sai dai a wurinmu da sunan makarantu uku ake tuna shekarar, kowace ƙaramar hukuma da tata.

Daren 26 ga Fabrairu 'yan bindiga suka shiga sakandaren 'yan mata ta Jangebe, a ƙasar Talata Mafara, suka kora ɗalibai daji, da yawansu ko takalmi babu. Ranar 2 ga Maris aka sako 279. Duniya ta ga hotonsu a gidan gwamnati a Gusau cikin sababbin hijabai, kowa ya yi hamdala. Abin da kaɗan ne suka riƙe shi ne yadda aka ƙare a Jangebe ranar miƙa su ga iyaye: manya na ta jawabi, rana na faɗuwa, iyaye na son kama hanyar ƙauyukansu kafin duhu, har aka yi hatsaniya, aka yi harbi, aka sa wa garin dokar hana fita. Uban da ya kwana huɗu bai rintsa ba, jawabin me zai saurara?

A tsakiyar Agusta aka afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, aka kashe ɗan sanda da masu gadi biyu, aka tafi da ɗalibai 15 da ma'aikata huɗu. Suna hannu aka yi bikin ɗan Shugaba Buhari a Bichi, jiragen manya suka cika filin jirgin Kano, hankalin kafafen sada zumunta ya koma can. Aure sunna ne, Allah Ya sanya albarka, amma a makon nan mutanen Bakura sun gane matsayinsu a labaran ƙasa. Ranar 1 ga Satumba kuma aka kwashe ɗalibai 73 a sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya, a Maradun, mahaifar gwamnan da ke kan kujera a lokacin.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda masu waiwaye daga nesa ba sa iya kwatantawa, don dole sai wanda ya zauna a ciki. An rufe makarantu. An rufe kasuwannin mako, har da ta Talata wadda manoman Bakolori ke kai mata amfaninsu. An hana sayar da fetur a jarka, sannan a farkon Satumba aka katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya. Mai POS ya naɗe lemarsa, tsohuwar da ɗanta ke turo mata kuɗin cefane daga Legas ta koma jiran direba ya kawo saƙo. Mutum kan biya kuɗin mota zuwa Sakkwato don kawai ya sanar da rasuwa. Gwamnati ta ce tana son toshe bakin masu kai wa 'yan bindiga rahoto ne, kuma hujja ce da za a saurara, amma talaka ne ya biya mafi yawan kuɗinta.

Nishaɗin ma bai tsira ba. Ronaldo ya koma Manchester United ya ci Newcastle biyu ranar 11 ga Satumba, ba wanda ya iya tsokanar abokinsa ta WhatsApp. Gidan kallo ba ruwansa da layin waya, amma janareta mai yake sha, wasannin zakarun Turai kuma da dare ake bugawa, lokacin da dokar hana fita ta kulle kowa a gida. Fim mai dogon zango sai wani ya je wata jiha ya turo a waya, a riƙa rabawa hannu da hannu. Kada wani ya raina wannan. Saurayin da ba makaranta, ba kasuwa, ba gona, ba kuma inda zai zauna ya yi ihun ƙwallo, shi ne wanda mugu ke samu cikin sauƙi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan yanki ba maraya ba ne a siyasa. Yariman Bakura ya yi shekara takwas a kujerar gwamna, Abdul'aziz Yari na Mafara ya yi takwas, Bello Matawalle na Maradun ya yi huɗu. Shekara 20 ke nan cikin 24 na farkon wannan jamhuriya. A ƙarshen Yunin 2021, tsakanin harin Jangebe da na Bakura, babban taron da ya haɗa manyanmu a Gusau na sauya sheƙar gwamna zuwa APC ne.

Labaran ƙarshen shekara kan tsaya a kan kalmar "an sako su", kamar nan magana ta ƙare. Yarinyar da ke aji ɗaya a Jangebe a lokacin, da karatu ya tafi daidai, a 2026 za ta rubuta jarrabawar fita. Ma'aikatar ilimi ta jiha na da rajistar sunayensu. Ina roƙon ta fito ta faɗa wa iyaye, cikin 279 ɗin nan nawa suka koma aji, nawa suka rubuta WAEC ko NECO, nawa aka aurar don tsoro ya hana a sake kai su makarantar kwana. Haka na Kaya, haka na Bakura. 'Yan majalisarmu na Zamfara ta Yamma su ne ya kamata su fara tambaya, tunda 'ya'yan mazaɓarsu ne.